Amalekawa da tambayar da ta ƙi ƙarewa

1 Sama'ila 15:3 tana cikin ayoyin da mu Kirista muke karantawa da sauri mu wuce. Annabi Sama'ila ya faɗa wa sarki Saul cewa Ubangiji ya ce a hallaka Amalekawa, wata al'umma maƙiyan Isra'ila, kaf, maza da mata, yara har da masu shan nono, ko raƙumi kada a bari. To fisabilillahi ina mutum zai ajiye wannan kusa da 1 Yahaya 4:8 da ta ce Allah ƙauna ne?

Ba yau aka fara wannan tambayar ba. Marsiyon, wani malami na ƙarni na 2, shi yanke hukunci ya yi kawai, wai Allahn Tsohon Alkawari daban, Uban Yesu daban, ya watsar da Tsohon Alkawarin gaba ɗaya, ikilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144. Orijin kuma, wani malamin ikilisiya, a ƙarni na 3 ya ce yaƙe-yaƙen Joshuwa na ruhu ne, Kan'aniyawan da Joshuwa ya yaƙa su ne zunuban da ke cikin zuciyarmu. Yana da daɗi a wa'azi kam, amma ni bai kwantar min da hankali ba.

Bayanin da ya fi shiga kaina shi ne, mutanen wancan zamanin da kurari suke rubuta labarin yaƙi. Fir'auna Merneptah ya sa an sassaƙa a dutse wajen 1208 kafin haihuwar Almasihu cewa ya shafe Isra'ila ba ta da sauran iri, alhali suna nan da ransu. Haka Joshuwa 10:40 ta ce ba a bar kowa ba, sai ka buɗe Mahukunta sura 1 ka tarar da Kan'aniyawa zaune daram a garuruwansu, su ma Amalekawan da aka ce Saul ya gama da su ai ga su can a 1 Sama'ila sura 30 sun ƙone Ziklag, garin da Dawuda yake zaune, har sun kwashe matansa.

Sai dai fa ko an rage yawan gawawwakin, umarnin yana nan a rubuce da sunan Allah, jarirai kuma na ciki. Wanda ya ce min abin ba ya damunsa sam, gaskiya shi ya fi ba ni tsoro.

Ni inda na tsaya shi ne, da Yesu nake auna duk abin da aka jingina wa Allah. A Luka 9 wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsa, almajiransa Yakubu da Yahaya suka ce a bar su su kira wuta daga sama, kuma suna da hujja fa, ai Iliya ya yi haka a 2 Sarakuna sura 1. Yesu juyowa ya yi ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye.