Na je sayen gilotin, na dawo da rasit ɗin zarto

Yau dai ban taɓa walda ba ko sau ɗaya, tun safe na bar yara da aikin ƙofofin nan na ce su ci gaba da haɗa firam, ni kuma na ɗauko Baba injiniya muka tafi siton masu sayar da injinan masana'antu na hannu. Dalili kuwa na gaji da giranda wallahi, faifan yanka sai ci yake kamar me, ga yankan baya fita daidai, ka yanka angil ka zo haɗawa ka ga ɓaraka sai ka cike da walda, daga nan kuma ƙarfe ya ja ya karkace. In faranti ne mai kauri sai mun kai waje an yanka mana, a biya mota a biya masu ɗauka, faranti ɗaya mai ƙafa 4 da 8 in milimita 6 ne nauyinsa ya kai kilo 140. Shi ya sa raina ya daɗe a kan gilotin, wato injin da ke datse farantin ƙarfe da doguwar wuƙa, irin mai aiki da haidirolik, wato da ƙarfin matsin mai.

Muna shiga dillali ya kai mu gaban wani da aka shafe da sabon fenti shuɗi, har kan notika da tiyon mai duk an bi da fenti. A jikin farantin bayaninsa an rubuta 6 x 2500, wato yana yanka faranti mai kaurin milimita 6 da faɗin milimita 2500, moto kilowat 7.5. Ni har na fara murmushi. Baba ko kallon fentin bai yi ba, ya zagaya baya ya ɗora tafin hannu a jikin tankin mai, ya ce wa dillalin, "Malam, yaushe kuka tayar da shi?" Ya ce ai ɗazu da safe suka ɗan gwada saboda zuwanmu. Baba ya ce to shi ya fi so ya ga inji yana tashi daga sanyi, don a lokacin ne ake jin kukan famfo na gaskiya, amma ba komai tunda an hana mu ganin sanyinsa za mu ga zafinsa.

Ya buɗe tankin ya tsoma wani siririn ƙarfe, man ya fito fari-fari, ya ce ruwa ya shiga. Wannan ba abin tashin hankali ba ne a cewarsa, a zubar a wanke tanki a canza filta a zuba sabon mai lamba 46, sai dai yana nuna maka irin riƙon da aka yi wa injin. Sai ya ce a sauko da wuƙar sama a hankali, ya fito da filagejinsa, siraran ƙarafan nan na awon rata, yana auna ratar da ke tsakanin wuƙaƙen biyu daga wannan gefe zuwa wancan. Gefe da gefe sun yi daidai, tsakiya kuma ta buɗe har kusan ninki uku. Ya nuna min wasu ƙananan gibi a bakin wuƙar ya ce wani ya riƙa yanka rodi da ita, kuma gilotin ba a yi shi don rodi ba. Na ce Baba ai ana juya wuƙa, tunda ta ƙasa baki huɗu gare ta. Ya haska da fitilar waya ya ce duba da kyau, an riga an juye su duka, babu bakin da ya rage. Kenan sai dai a kai a wasa, ko a sayi sabbi masu tsawon mita biyu da rabi, kuma wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Abin ratar nan na ƙaru sosai da shi yau. Ƙa'idar da ake bi ita ce rata ta zama wajen kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na kaurin farantin, in milimita 6 ne kusan rabin milimita kenan. In ta yi yawa siririn faranti lanƙwashewa zai yi ya shige tsakanin wuƙaƙe, bakin yankan ya fito da ƙaya, in kuma ta yi kaɗan a kan mai kauri wuƙa ce za ta sha wuya. Sannan lamba 6 ɗin da ke jikin injin ta baƙin ƙarfe ce na yau da kullum, in silba ce wato sitenles sai ka rage kaurin sosai, kusan rabi ko sama da haka kaɗan, don ta fi tauri.

Muka ce a kawo faranti. Suka kawo na milimita 2, ya yanka fes. Baba ya ce a kawo na 6 mai cikakken faɗi, aka yi ta ja-in-ja wai babu, can dai aka jawo wani daga baya. Yankan farko ya wuce. Baba ya ce a ci gaba, kar a kashe. Bayan kamar rabin awa mai ya yi zafi ya tsinke, sai wuƙa ta fara saukowa da ƙyar, ta zo ƙarshen faranti ta tsaya cak famfo yana ta ihu. Ko famfon ya gaji ko sil ɗin cikin silinda, wato robar da ke tare mai, na barin mai ya wuce, duk dai ana gyarawa. Abin da ya kashe maganar shi ne da Baba ya goga farce a kusurwar bangon injin na gefe, inda ake cewa maƙogwaro, ya ji tudu a ƙarƙashin fenti. Ya kankare kaɗan sai ga layin walda, firam ya taɓa tsagewa an liƙe. Ni mai walda ne, na san me zafi ke yi wa ƙarfe mai kauri irin wannan, kuma wataƙila ma shi ya sa tsakiyar ta buɗe. Dillali ya ce, "Haba yallaɓai, ai za a rage maka." Na ce a bar maganar kawai, in an rage min kuɗi ba za a rage min tsagar ba.

Daga nan muka ɗan zaga. Akwai wani inji da ya fito daga Amurka, an rubuta volt 230/460, 60Hz. Na ɗauka ba zai yi a wutar 50Hz ba sam, Baba ya ce moton 460 yana tafiya a kan 380 zuwa 400 lafiya lau, sai dai gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, wanda aka rubuta wa juyi 1750 a minti zai dawo wajen 1450, ƙarfin ma ya ragu da haka. Inda ake shan wahala shi ne taransifoman kwantirol da kwantakta, wato kayan wutar da ke kunna moto da kashe shi, sai kuma notika duk na inci ne, sifanunka na milimita ba za su kama ba.

An nuna mana wata tsohuwar leza ma, wato injin da ke yanka ƙarfe da haske, irin ta CO2 mai aiki da gas, wai a ba ni da arha. Na san dalilin arhar, manyan masana'antu suna komawa sabuwar leza irin ta faiba ne suna fitar da waɗannan. Injinan leza na kamfanonin Trumpf da Amada da Bystronic ba wasa ba ne, amma ta CO2 wajen kashi 10 cikin ɗari kawai na wutar da ta sha take mayarwa haske, faiba kuwa ta haura 30, ga gas na hiliyam da naitirojin, ga madubai da za a riƙa saitawa, ga injin sanyaya ruwa. Ƙaramin shago irin nawa ya ɗauki wannan ai ya auri matar da ta fi ƙarfinsa. Teburin filasma kuma, wani injin yankan faranti da wutar lantarki da iska, kwamfutarsa ba ta tashi ba, babu wanda ya san inda manhajar take, muka wuce.

Muna shirin fita Baba ya ce, "Yaro, wai a aikinka faranti ya fi yawa ko fayif da angil?" Na yi shiru ina lissafi, ƙofa, taga, rumfa, gado, tebur, kusan duk fayif ne mai kusurwa huɗu da angil da filatba. Ya nuna min wani zarton inji a lungu, irin mai kwanciya, ya yi baƙi da maiƙo, fentinsa duk ya goge inda hannu ke taɓawa. Ya ce wannan babu wanda ya ɓoye masa komai.

Mun daɗe a kansa. Baba ya sassauta ruwan zarton, wato ƙarfen mai haƙora da ke yin yankan, ya kama ƙafafun nan biyu da yake zagayawa a kai ya girgiza ko akwai wasa a boris, babu. Ya duba man giyabos, baƙi ne amma babu garin ƙarfe a ciki. Ya ɗaga kan injin ya rufe bawul ɗin saukowa muka zuba ido, sai muka ga yana zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan, sil ne, ƙaramin aiki. Famfon ruwan sanyaya ya mutu, ƙananan boris ɗin da ke riƙe ruwan zarto a miƙe biyu sun cije. Na aiki yaron sito ya sayo sabon ruwan zarto mai faɗin milimita 27, irin M42 ɗin nan mai kobalt kashi 8, don da tsohon ruwa ba za ka gane laifin inji ne ko na haƙora ba. Muka ɗaura dunƙulen ƙarfe mai kaurin milimita 100 muka yanko siririn faifai, Baba ya auna sama da ƙasa da kalifa, wato ma'aunin kauri, bambancin bai kai rabin milimita ba, kuma da matattun boris ɗin nan fa. Sai na juya kan zuwa digiri 45 na yanka fayif biyu na haɗa su na ɗora sukwaya, suka zauna ɗas. A nan ne na ji abin ya shiga raina.

Baba ya ja min kunne kan abu biyu. Ko da yaushe haƙora uku aƙalla su kasance cikin ƙarfen da ake yankawa, don haka siririn fayif yana son ruwa mai ƙananan haƙora, in ba haka ba zubewa za su yi. Kuma sabon ruwa ba a danna shi da ƙarfi a yankan farko-farko, rabin saukowa ake ba shi har haƙoran su zauna.

Ciniki ya ɗan ja, na lissafa wa Alhajin siton famfo da boris da sil ɗaya bayan ɗaya, ya ce albarka, na ƙara kaɗan, ya sallama. Na ba da kafin alƙalami, na sa aka rubuta lambar jikin injin a rasit tare da teburin rola da murfin kariya, don na sha jin labarin wanda aka kai wa inji babu rabin kayansa. Motonsa kilowat 1.5 ne, ko da ya ja ninki shida wajen tashi janaretana zai ɗauka, na gilotin kuwa da sai na sake wani lissafin, ga nauyin tan huɗu ko biyar da sai an kira kiren.

Gobe da safe za mu kwashe tarkacen da ke jikin bangon hagu, tunda fayif mita 6 yake zuwa dole a samu fili a miƙe. Baba ya ce a tsiyaye ruwan tankin a ɗaure kan injin a ƙasa kafin a ɗora a mota, kuma kar kowa ya kunna sai ya zo ya duba haɗin wayoyin wuta da ɓangaren da moto ke juyawa, in waya biyu suka sauya haƙoran zarton da baya za su riƙa gudu.