Daga Zanzibar, ga masu tambayata batun gida

Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da 'yan uwa da abokan arziki, da fatan kowa yana lafiya. Mu ma nan lafiya muke, yara suna gaisuwa.

Tun da aka ga hoton barandar gidanmu, saƙonni ba su yanke ba, kuma kusan tambaya ɗaya ce ake juyawa. Wannan ya ce nawa ake sayar da gida a bakin teku, wancan ya ce ko banki zai ba baƙo rance, wani ƙanena ma cewa ya yi in nema masa fili kawai, shi zai turo kuɗi. Na ga gara in amsa wa kowa a wuri guda. Zan faɗi batun saye da rance da gyara, in kuma taɓa abinci da yadda azumi yake a nan, tun da mata sun matsa da wannan tambayar.

Na farko da ya kamata ku sani, baƙo ba ya mallakar ƙasa a Zanzibar. Dokar filaye ta 1992 ta sa ƙasa duka a hannun gwamnati, kuma takardar damar zama a fili ɗan Zanzibar kaɗai ake ba wa. Ko mutumin Darussalam ko Dodoma, da yake ɗan Tanzaniya ne cikakke, ba shi da wannan dama. Wanda ya san dokarmu ta Najeriya ta 1978 da ta damƙa filaye a hannun gwamna ba zai ji abin baƙo ba, sai dai nan an ƙara ƙulle ƙofar. Abin da ya rage wa baƙo shi ne haya mai dogon zango, wadda ba ta wuce shekara 99, ko kuma ya sayi sashe a rukunin gidajen da gwamnati ta amince da su, irin na Fumba a kudancin birnin Zanzibar, a ƙarƙashin wata doka ta 2010. Waɗancan da dala ake yi musu kuɗi, kuma Turawa da masu jari aka gina wa. Namu gidan a wajen Bububu yake, arewa da gari, kuma da sunan mai ɗakina yake domin ita 'yar ƙasa ce. Don haka ƙanena, ka riƙe kuɗinka. Duk dillalin da ya ce zai sayar maka da fili ka riƙe takarda da sunanka, ko bai san doka ba ko ya san ba ka sani ba.

Takardun ne suka fi cin raina, kuma har yanzu in na tuna sai in ji gajiya. Kafin komai sai an je wurin mai unguwa, wanda a nan ake kira sheha, ya shaida cewa mai sayarwa shi ne mai gidan kuma babu rigima a kai. Daga nan akwai kwamitin gwamnati da dole ya amince kafin a canja hannu, ga masu awo, ga masu ƙiyasta daraja domin haraji. Kowane mataki da ranarsa, kuma wani ofis da ba zan kama sunansa ba ya sha mayar da mu saboda sunan mai gidan na farko an rubuta shi iri biyu a takardu biyu, harafi ɗaya ne ya bambanta. Wannan duk mai sauƙi ne a kan batun gado. Tsofaffin gidaje da yawa na magada ne, wasu suna tsibirin Pemba, wasu suna Maskat ta ƙasar Oman tun bayan juyin juya halin Zanzibar na 1964, kuma in mutum ɗaya bai sa hannu ba cinikin bai tsaya ba. Wasu gidajen, musamman a tsohon gari, waƙafi ne, ba a sayar da su ko kaɗan. Akwai kuma gonakin eka uku-uku da gwamnatin Karume, shugaban Zanzibar na farko, ta raba wa talakawa bayan juyin, waɗanda an bayar da su ne don noma, amma za ka tarar an yanka ana tallarsu a matsayin fulotai. Wanda ya saya ya sayi fitina.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne itatuwa. A nan doka ta yarda fili ya zama na wani, bishiyar da ke cikinsa ta zama ta wani daban. A tsakar gidanmu akwai mangwaro da kwakwa biyu, sai da aka zo sa hannu muka ji kwakwar ta wata gwaggon masu gidan ce, kakanta ne ya dasa. Sai da aka je aka gaishe ta, aka yi ciniki na daban, aka rubuta. Ban ga laifin tsarin ba, domin a tsibirin da kanumfari da kwakwa suka raya shi, bishiya dukiya ce ta gaske. Amma wanda ya zo da gaggawa zai gina ɗaki a ƙarƙashin itacen da ba shi da ikon sarewa.

Sai rance. Bankuna a Tanzaniya suna ba da bashin gida da kuɗin ruwa wajen kashi 15 cikin ɗari ko sama da haka a shekara. Na zauna na yi lissafi da kashi 16: in ka ci bashin shilin miliyan 100 na shekara 15, duk wata za ka biya kusan miliyan 1.47, a ƙarshe ka biya wajen miliyan 264. A watan farko, cikin abin da ka biya, miliyan 1.33 ruwa ne zalla, abin da aka rage daga uwar kuɗin bai kai dubu 140 ba. Ban da maganar haramcin riba, wadda ita kaɗai ta isa, lissafin kansa ba ya yi wa mai albashi daɗi. Akwai hanyar murabaha a bankin Amana da sashen Musulunci na bankin PBZ na gwamnatin Zanzibar, inda banki zai saya ya sayar maka da riba sananniya. Hankali ya fi kwanciya da ita domin farashin ba ya motsi, amma kada a ɗauka araha ce, kuɗi suna da tsada a ƙasar ko ta wace ƙofa aka shiga. Na san ku a gida abin ya fi haka muni, tun da Babban Bankin Najeriya ya kai nasa ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ma'aikacin da ake cire wa kuɗin asusun gidaje na ƙasa daga albashi, ya bi sawun rancen nan na kashi 6, haƙƙinsa ne ko da layin ya yi tsawo.

Mu dai tsohon gida ƙarami muka saya da abin da muka tara da gudummawar surukai, muka bar gyara ya bi aljihu. Mai ɗakina tana adashi da matan unguwa, duk kwasar da ta zo kanta sai a yi aiki ɗaya. Tsadar bashi ta ma taimaka mana ta wani gefen, domin masu saye da kuɗi a hannu ba su da yawa a irin unguwarmu, magadan kuma suna son a raba, sai suka sassauta.

Gyaran ne ya koya mini cewa abokin gabar gida a nan daban yake da namu. A Kano rana da ƙura muke tsoro, sai mu yi bango mai kauri da ƙaramar taga. A nan laima ce. Ruwan sama ya kusa ninka na Kano, damina biyu ce, babbar daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar wajen Nuwamba, kuma ko ba ruwa iskar a jiƙe take da gishiri. Takalmin fata in ya kwana biyu a rufaffen kabad sai ya yi funfuna. Kwaɗo da ƙusa da ƙarfen taga tsatsa ke cinye su, kwanon rufi mai araha ba ya daɗewa.

Bangon gidanmu na dutsen teku ne da farar ƙasa, irin ginin tsohon gari wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Wani ya taɓa shafe shi da siminti da fenti mai ƙyalli, sai bangon ya daina fitar da danshi, yana ruɓewa daga ciki. Dattijon maginin da ya yi mana aiki ya sa aka kankare simintin gaba ɗaya, aka bar bangon ya bushe, aka mayar da yaɓen farar ƙasa. Ɗakunan kuma ƙunci gare su, domin faɗinsu bai wuce tsawon sandunan itacen bakin teku da ake jerawa a rufi ba, kamar dai yadda azara ke yanke wa magininmu faɗin soro.

Mutane sun ba mu shawarar na'urar sanyaya ɗaki, maginin ya ce a fara da iska. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin zafi, iska daga arewa maso gabas take zuwa, sauran yawancin shekara kuma daga kudu. Sai aka faɗaɗa tagogin arewa da na kudu suna kallon juna, aka sa raga saboda sauro, aka buɗe ƙananan kafofi a saman ƙofofi, aka rage tsawon katangar da ke tare iskar. An ɗaga silin, an fito da bakin rufi sosai don ruwa da rana kada su taɓa bango. Da fanka ɗaya muke kwana. Wutar tsibirin ma ta ƙarƙashin teku ake jawo ta daga babban yankin ƙasar, kuma mutanen nan ba su manta da watanni ukun da suka yi a duhu daga Disamban 2009 zuwa Maris na 2010 ba. Gidan da sai da wuta ake iya zama cikinsa ba na so. Ina ganin hotunan sababbin gidajen da ake yi a gida, gilashi ko'ina, taga ba ta buɗuwa, tsakar gida an malale da siminti babu ko darbejiya, sai in ji tausayin wanda zai yi watan Afrilu a ciki.

A ƙofar gida mun gyara dakalin da muka tarar, nan maƙwabta ke zama bayan la'asar a sha gahawa. Batun abinci, shinkafa da kwakwa da kifi ne kullum, dawa da gero sai an nema, daddawa kuwa sai wanda ya zo daga gida ya taho mana da ita. Azumi a nan ana girmama shi ƙwarai, gidajen abinci da yawa a rufe suke da rana, sai wani jiƙon zan ba da labarinsa da kyau.

Aikin da ke gabanmu yanzu shi ne indararo da tankin tara ruwan sama, domin rijiyar unguwar tana ɗan zartsi a lokacin rani. Muna so a gama kafin Maris, in Allah Ya yarda. Mai niyyar zuwa ya sanar da ni da wuri, jirgin ruwa daga Darussalam wajen awa biyu ne, kuma akwai ɗakin baƙi, ko da yake ba a riga an sa masa ƙofa ba.

Naku,
ɗan uwanku a Unguja, babban tsibirin Zanzibar