Wa zai riƙa duba aikinka?

A Katsina idan aka ce wane ya samu aikin kwamfuta, tambaya biyu ce ke biyo baya: nawa ake biya, kuma da naira ne ko da dala? Ban ga laifin masu tambayar ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa makonni kaɗan bayan nan, kowane gida lissafi yake yi. Amma shekarun da na yi ina rubuta manhaja, wani lokaci a ofis, wani lokaci daga ɗakina a nan cikin gari, sun nuna mini akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi: wa zai riƙa duba aikina?

Dalili shi ne aiki a wannan harka ba ya daɗewa. Iyayenmu sun san aikin gwamnati, ka yi shekara 35 ko ka cika 60 da haihuwa, ka koma gida kana karɓar fansho. Nan ba haka abin yake ba. A watan Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000. Ko kusa da gida, a Satumban 2019 Andela, kamfanin da ke horar da masu rubuta manhaja a Afirka yana haɗa su da kamfanonin waje, ya rabu da ƙananan masu rubuta manhaja sama da 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, yana cewa kasuwa ƙwararru take nema. Ba lalaci ne ya kori waɗannan mutane ba. Don haka ranar da za ka shiga, ka sa a ranka akwai ranar fita, kuma abin da hannunka ya iya shi kaɗai za ka fita da shi.

Yaranmu da ke gama karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Al-Qalam, ko kwalejin Hassan Usman Katsina, aikin farko da yawanci ke zo musu shi ne na "jami'in kwamfuta" a wata makarantar kuɗi ko ƙaramin kamfani. Sunan da daɗin ji. Ka leƙa bayan wata shida, sai ka tarar da shi yana buga tambayoyin jarrabawa, yana ciro takardar da ta maƙale a firinta, yana saita wa maigida waya. Halak ce, kuma wanda ke da iyali a wuya ba a ce masa ya ƙi. Abin da ke damuna shi ne a ofishin nan shi ne ya fi kowa sani, ba wanda zai ce masa ka yi kuskure. Shekara uku sai ta wuce, abin da ya fito da shi daga makaranta ma ya fara zubewa.

Inda na fi ƙaruwa a rayuwar aikina ba shi ne inda aka fi biyana ba. Wani ƙaramin kamfani ne da dokarsu ita ce ba abin da mutum zai rubuta ya shiga manhaja sai wani ya karanta ya sa hannu. Wadda ke karanta nawa wata baiwar Allah ce a Legas. Sai in aika aikin da nake ganin ya kammala, ya dawo mini da tambayoyi a gefen layuka: idan sabis ya ɗauke a tsakiyar biyan kuɗi, mutum ya sake dannawa, sau nawa za a cire masa? Idan wayar mai ƙaramin ƙarfi ce, shafin zai buɗe? Ba ta gyara mini, ni take sawa in nemo amsar. Har yau idan ina aiki, tambayoyinta ne ke fara zo mini kafin in danna aikawa.

Uban da zai kai ɗansa gareji koyon kanikanci ba kuɗin abincin rana yake fara tambaya ba, halin maigidan yake bincike: yana sakin hannu ya koyar, ko wankin sifana kawai yaro zai yi ta yi? To a intabiyu ma kana da damar yin wannan binciken, don ba su kaɗai ke da tambaya ba. Mutum nawa ne a sashen? Wa ke karanta abin da na rubuta kafin ya isa ga jama'a? Idan abu ya lalace cikin dare, wa ake kira? In aka ce maka "ai kai kaɗai ne, komai a hannunka yake", kada ka ɗauka girmamawa ce. Abin ya ƙara muhimmanci tun bayan fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira, a ƙarshen 2022, domin yanzu na'ura na rubuta aikin mai sauƙi cikin daƙiƙa. Abin da ake biyan mutum a kai shi ne ya gane ko abin da aka rubuta daidai ne, wannan idon kuwa a gaban wanda ya fi ka ake samunsa.

Sai batun kuɗi, wanda ban raina ba ko kaɗan. Albashin da ke kan takarda daban, wanda ke saura a aljihun mai aiki daga Katsina daban. Sola da batir, ko man janareta, daga jikinka za su fita. Data ma haka, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Mun ga yadda Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layukan wuta. Mun kuma ga yadda a 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Malumfashi da Dutsin-Ma. Kamfanin da ke Legas ko Landan bai san wannan ba sai ka faɗa masa, kuma gara ka ji amsarsa tun kafin ka sa hannu. Ka duba takardar da kyau: ma'aikaci aka ɗauke ka ko ɗan kwantiragi? Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Ɗan kwantiragi yawanci ba shi da wannan, ba shi da inshorar lafiya, kuma saƙo ɗaya ya isa ya raba shi da aikin. Yawancin ayyukan dala irinsu ne.

Ka kuma lissafa agogo. Ƙarfe tara na safe a Kalifoniya biyar ko shidan yamma ce a nan, wato taronsu na safe kan magaribarka zai riƙa faɗawa, ka tashi aiki bayan tsakar dare. Ka tambayi Juma'a, ka tambayi azumi. Wanda ya yi maka alkawarin hannun jari a madadin albashi kuwa, zai kawo maka labarin Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Gaskiya ne, sai dai kamfanonin da suka rufe shiru sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma abin da abokan aiki na wasu wurare ba sa cika kawowa, mu kuwa dole ne mu kawo shi: daga ina kamfanin ke samun kuɗinsa? Cikin masu biya da tsoka akwai kamfanonin caca da manhajojin ba da bashi da ruwa. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu masu bashin nan a Legas, saboda yadda suke kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi, su aika wa 'yan'uwansa da surukansa saƙon tozarci. Wani ne ya zauna ya rubuta layukan da ke kwashe lambobin nan, kuma albashi aka biya shi. Shi ya sa duk kamfanin da ya neme ni, kafin in amsa gayyatar intabiyu sai na sauke manhajarsu a wayata, na yi rajista kamar kowa, na ga abin da take neman izinin taɓawa. Wadda ta nemi lambobin mutanena da hotunana ba tare da dalili ba, a nan maganarmu ke ƙarewa.