Ja, kore da ruwan ɗorawa a shafi ɗaya, kuma wai kar a taɓa ko ɗaya

Watannin baya wata Hajiya mai makarantar kuɗi a nan Kano ta sa aka kira ni wai in yi musu shafin intanet, irin makarantun nan ne masu haɗa boko da Islamiyya, daga nazire har ƙaramar sakandare. Tun daga bakin layi na san zan sha aiki, domin get ɗin ja ne wur, katangar ruwan ɗorawa, an zagaye saman da kore shar, bas ɗin da ke fake a waje ma haka take, yara kuwa suna fitowa tara cikin riga ruwan ɗorawa da wando kore, 'yan matan da jan hijabi. Gaskiya a ido a fili abin ya yi kyau fa, ko kana cikin adaidaita da gudu ba yadda za a yi ka wuce ba ka lura da wurin ba.

Muna zama a ofis, ko ruwan da aka kawo min ban buɗe ba ta ce "ɗana, abu ɗaya zan gaya maka, kalolin nan uku da su aka san mu, marigayi maigidana ne ya zaɓe su, ina so duk wanda ya buɗe ya san mu ne." Na ce ranki ya daɗe in sha Allahu. To me zan ce?

Aka turo min tambarin ta WhatsApp, hoton baji ne aka ɗauka a jikin rigar wani yaro, har zaren ɗinkin ana gani. Sai da na bi sawu har wurin mai firinta da ke buga musu kalanda kafin na samu asalin fayil ɗin tambarin na manhajar zane ta CorelDraw, shi ma sai da ya yi kwana biyu yana nema a wata tsohuwar kwamfuta. Nan ma ga wani abu, kalar da ake bugawa a takarda da tawada ake haɗa ta, CMYK, ita kuwa ta sikirin haske ce, RGB, shi ya sa jan da ke zaune lafiya a kalanda da ya hau waya sai ya koma kamar garwashi.

Na farko da na yi, don in faranta mata rai, na zuba komai yadda ta ce. Sama ja, menu kore da rubutu ja a kai, tsakiya ruwan ɗorawa da farin rubutu. Wallahi ni da na yi shi minti 10 ban iya kallonsa ba, jan rubutun nan a kan kore sai ka ga kamar yana rawa, gefen haruffan na kyalli, idona har ruwa ya kawo. Hajiya kuwa da ta gani a babbar kwamfutar ofis cewa ta yi ma sha Allah, haka nake so.

A nan ne na tsaya na yi tunani, don in na ce mata kalolin ba su dace ba na taɓa marigayi kenan, kuma ba gaskiya ba ne ma, sun dace da aikin da aka ɗauko su su yi. Katanga da bas aikinsu su kira ido daga nesa. Shafin makaranta kuwa uba ne zai buɗe yana tsaye a rumfarsa a Kwari ko Sabon Gari yana neman ranar komawa hutu ko lambar asusun da zai tura kuɗin makaranta, a wayarsa Tecno ko itel da ya rage wa haske don kar caji ya ƙare. Karatu ya zo yi.

Kuma abin nan yana da ma'auni, ba wai ra'ayina ba ne. Akwai ƙa'idar da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar mai suna WCAG, wadda tun bugu na 2008 ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa kar ya gaza 4.5 zuwa 1 a ƙananan rubutu, manya kuma 3 zuwa 1. Baƙi a kan fari shi ne ƙoli, 21. Na ɗauko kalolin Hajiya na zuba a ma'aunin bambancin haske da ke shafin intanet na WebAIM, kyauta ne kowa zai iya gwadawa. Fari a kan ruwan ɗorawa tsantsa bai kai ko 1.1 ba, wato kusan babu rubutun ma. Ja a kan kore wajen 1.3. Shi kansa ja tsantsa a kan fari 4 ya tsaya, ya faɗi da kaɗan. Amma baƙi a kan ruwan ɗorawar nan da nake ta jin haushinta ya haura 19, ashe ba ita ke da laifi ba, abokin zama ne ba a samo mata ba. Ga kuma masu matsalar bambance kala, yawanci maza ne, kuma ja da kore ɗin nan su suka fi rikice musu, wani uban ma bai san yana da ita ba, kawai zai ce shafin ba ya karantuwa.

Ban je mata da lissafin nan ba, na san ba zai shiga ba. Na bari sai wajen ƙarfe 1 na rana lokacin tashi, na ce Hajiya don Allah mu ɗan fita bakin get, na miƙa mata wayar mai gadinsu, wata itel mai tsagaggen gilas, na ce ki duba min kuɗin zangon 'yan aji 3. Ta kai wayar kusa da fuska, ta kare da mayafi, ta juya wa rana baya, ta ciro tabarau a jaka ta saka, shiru. Can ta ce "kai wannan wayar tasa ce ba ta da kyau." Na ce ranki ya daɗe irinta ce a hannun rabin iyayen yaranki. Sai na buɗe mata na biyun da na yi a ɓoye, a wayar dai, a ranar dai, nan take ta karanto kuɗin har da na littattafai.

Abin da na yi a na biyun ba wani sihiri ba ne, kowace kala na ba ta aikinta na hana su haɗa kafaɗa. Fari ya cinye yawancin fili, rubutu baƙi-baƙi. Kore ya riƙe sama da ƙasa da farin rubutu a kai, shi dama ya haura 5 a ma'auni. Ruwan ɗorawa na bar ta a maɓallai kawai, cike fom, duba sakamako, da baƙin rubutu, ai kuwa kamar fitila, yatsa da kansa yake zuwa wurin. Jan kuma na ɗan dafa shi ya yi duhu kaɗan har ya wuce 6, na ajiye shi don sanarwar gaggawa kaɗai, kuma duk inda ja zai kusanci kore sai na ratsa farin layi a tsakani, dabarar da masu ɗinkin baji suka daɗe suna yi ba tare da sun san wani WCAG ba. Sauran kalar kuwa hotuna suka kawo ta, ka sa hoton yara 30 a asambuli cikin yunifom ɗin nan ai ja da kore da ɗorawa sun cika shafi ba sai ka ƙara ba.

Rajistar sunan shafin a sch.ng, wato adireshin intanet na makarantun Najeriya, da ɗora shi a manhajar gina shafi ta WordPress duk ba su ɗau lokaci ba, in ban da jiran takardun makaranta.

Ba wai na ci nasara duka ba ne fa. Ta kafe sai taken makarantar ya riƙa gudu a saman shafi da jan rubutu, ni kuma na tsani rubutu mai gudu kamar me, muka yi ta ja-in-ja, ƙarshe muka sasanta a kan zai tsaya cak amma za a ƙara masa girma, a kan fari. Har yau in na buɗe sai na ji ya ɗan tsone min ido. Sati biyu da gamawa kuma sakataren makarantar, da na koya wa saka sanarwa, ya gano inda ake canza kalar rubutu, na wayi gari na tarar da sanarwar taron iyaye da malamai cikin ruwan ɗorawa a kan fari, ya ce wai don ta fi fitowa. Ranar da daddare na shiga na cire masa maɓallin kala gaba ɗaya, har yanzu yana zaton netwok ne ya ɗauke shi.