Talata, bayan sadakar bakwai

An kawo wuta da asuba, na goge kayan makarantar yara har na markaɗa wake. Tumatir ma ya ɗan sauka. Alhamdulillahi.

Da la'asar na hau Keke Napep zuwa Jekadafari, gidan Adda da mijinta ya rasu. An kwashe rumfa, an naɗe tabarmi. Tsakar gidan da shekaranjiya ba masaka tsinke, yau sai kaji ke kiwo. Adda na ɗaki cikin takabar wata huɗu da kwana goma, su kuwa 'yan gaisuwa kowa ya kama gabansa. Na kai tuwo da miyar kuka, don Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci lokacin da ya yi shahada a Mu'uta. Mu yanzu sai mu bar masu rashi da ɗora tukunya.

Goggo na bakin ƙofa da carbi. Ta ce, "'Yar nan, shi ya kamata ya kai ni, ga shi ni na ga fitarsa." Na zauna ina matsa mata ƙafa.

Ummi, 'yar Adda, ita ce ta hana ni sukuni. Ta jawo min hijabi, ta ce, "Anti, Abba Kano ya tafi ko Abuja? Ai ya manta wayarsa." Wayar na kan taga, ita ke sa ta a caji kullum don kada ya dawo ya tarar ta mutu.

Na shiga na ce, "Adda, wa ya ce mata tafiya ya yi?"

"To me zan ce mata? Shekararta shida, za ta manta."

Wallahi ba za ta manta ba. Duk ƙarar babur sai ta ruga zaure. Wata rana a Islamiyya wani yaro zai jefa mata maganar ba tausayi, daga nan ta daina yarda da mu. Annabi bai raina baƙin cikin yaro ba: Abu Umair, ƙanen Anas, tsuntsunsa kawai ya mutu, amma ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Balle uba.

Adda ta yi kuka sosai, sannan ta ce in dawo Juma'a mu faɗa mata tare, a kira Baffa ya yi addu'a. Ta ce ita za ta fara maganar, ni dai in riƙe Ummi.