Daga Gidan Abinci Zuwa Masallaci: Yini Guda a Landan Bisa Sawun Wani Faifai

Abin da ya kai ni Landan daban ne. Yayana ne ya aike ni in lallashi ɗansa, wanda ya gama karatu amma ya ƙi maganar dawowa gida. Kwana uku muna kewaye-kewaye, ni ban fito da maganar ba, shi ma bai ba ni ƙofa ba. A daren na uku na ga wani tsohon faifai jingine a kan teburinsa, bangonsa da zanen wani dattijo mai gemu yana shan shayi, yara biyu suna wasa a kan bishiya.

"Kawu, ka san mai wannan?" in ji shi.

Na duba na ga an rubuta Cat Stevens, na ce ban san shi ba. Sai ya yi dariya ya ce ai Yusuf Islam ne. Na riƙe baki. Mu a Kano da waƙar koya wa yara alif, ba, ta muka san mutumin, har kaset ɗinta na taɓa saya wa 'ya'yana. Ashe kafin nan tauraro ne. Faifan, mai suna Tea for the Tillerman, ya fito a watan Nuwamba na 1970, waƙoƙi 11 ne a ciki, kuma a Amurka kaɗai an sayar da sama da miliyan 3. Zanen bangon ma da hannunsa ya yi.

Washegari muka fita da sassafe, ana yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa mutum sai a hankali. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke mu a Tottenham Court Road, muka taka zuwa ƙarshen titin Shaftesbury Avenue. A nan iyayen mawaƙin suka riƙe gidan abinci mai suna Moulin Rouge, iyalin kuma suna zaune a saman bene. Uban Bagirke ne daga tsibirin Kubrus, uwar 'yar Suwidin, shi kuma an haife shi a 1948 da sunan Steven Georgiou. Unguwar cike take da gidajen wasan kwaikwayo, ga titin Denmark nan kusa, inda har yau shagunan jita ke jere. Na leƙa ɗaya, na ga kuɗin da aka liƙa wa wata jita, na lissafa da naira a zuciyata, na fito salin-alin.

Da muka shiga bas sai yaron ya sa mini abin saurare a kunne. Gaskiya na zaci hayaniya zan ji. Sai na ji jitar katako, da fiyano jefi-jefi, ganga kuma can baya kamar mai jin kunya. Salon ke nan da suke haɗa waƙar gargajiyarsu da kiɗan rok, murya ce a gaba, kamar yadda mai gurmi ke barin magana ta fi kiɗa. Ya ce mini wajen 1968 tarin fuka ya kwantar da mawaƙin wata da watanni, a jinyar nan ya rubuta waƙoƙi masu yawa, ya tashi ya watsar da kiɗan gayu da ya fara da shi. Paul Samwell-Smith ne ya tsara masa sautin, Alun Davies kuma ya riƙe jita ta biyu.

Waƙa ɗaya ce ta tsaya mini a rai, wadda ake kira Father and Son. Mutum ɗaya ne ke rera muryoyi biyu. In uba zai yi magana sai ya sauke murya ƙasa, yana cewa a yi haƙuri, a zauna, a bi a sannu. In ɗa ne sai muryar ta haura kamar za ta tsage, shi dai tafiya zai yi. Na saci kallon yaron, ya kafa ido a taga kamar bai san abin da ya kunna mini ba. Ɗan zamani ke nan, ya ba ni amsa tun ban yi tambaya ba.

Mun yi Azahar a babban masallacin da ke gefen Regent's Park, mai ƙubba ruwan zinariya. A nan mawaƙin ya karɓi kalmar shahada a watan Disamba na 1977, bayan ya kusa nutsewa a teku a Malibu ta ƙasar Amurka, kuma wansa David ya kawo masa fassarar Alƙur'ani tsaraba daga Ƙudus. Ina ɗaura takalmi ina tunanin yadda muke ba da labarinsa a gida, kamar dare ɗaya aka juya shi. Wanda ya saurari faifan nan zai ji mutum ne da ya daɗe yana neman hanya, shekara bakwai kafin ya shigo wannan harabar.

Daga Baker Street muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Jubilee zuwa Willesden, inda sitidiyon Morgan yake a da, ɗaya daga cikin wuraren da aka naɗi waƙoƙin. Ba abin gani, gini ne kawai a bakin titi tsakanin shaguna. Ban ko ɗauki hoto ba. Yaron ya nuna mini cewa makarantar Islamia da mutumin ya kafa a 1983 ba ta da nisa, amma ƙafafuna sun ce a'a.

Muka shiga wani ɗan shago ya saya mana shayi a kofin takarda, ba madarar kirki, ba kauri. Na kurɓa sau biyu, na ajiye.

"To, me zan ce wa babanka?"

Ya daɗe yana juya kofinsa. "Kawu, ka ce masa shekara biyu. In na wuce haka, ka zo da kanka ka ja kunnena."

Da dare na kira Yaya. Ya yi faɗa har katina ya ƙare.