Kakana ɗan NEPU ne, ban tsaya na saurare shi ba

Ƙannena masu zafin siyasa a Facebook da Tiktok, dan Allah ku ɗan tsaya ku karanta wannan, abu ne da ya daɗe yana ci min rai.

Lokacin da nake jami'a na shiga sahun masu ra'ayin gurguzu, mun haddace sunan Marx da Lenin da juyin juya halin Rasha na 1917, kullum muna ƙarƙashin bishiya ana musu har magariba. Alhali a gidanmu akwai kakana, tela ne, tsohon ɗan NEPU, jam'iyyar talakawan Arewa tun zamanin Turawa, a bayansa akwai tabon bulalar da aka yi masa a gaban wani alƙali saboda kawai ya je lacca ba izini. Wata rana da hutu yana ba ni labari sai na katse shi, nace ai ku NEPU ba juyin juya hali kuka yi ba, gyaran fuska kawai kuka nema. Shiru ya yi, can yace "to jikana, Allah ya ƙara sani", ya cigaba da taka kekensa. Bai sake ɗauko min zancen ba har Allah ya karɓi abinsa.

Sai bayan rasuwarsa na zauna na bi tarihin, kuma wallahi kunya ta kama ni. Ni da nake ganin na san komai ko yadda aka kafa jam'iyyar ban sani ba, na ɗauka Malam Aminu Kano ne ya kafa ta shi kaɗai. Ashe samari takwas ne suka zauna a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, lokacin Malam yana koyarwa a Maru, daga baya ya ajiye aikin ya dawo Kano, sai a 1953 ya zama shugaba. Kuma abin da suka rubuta a sanarwarsu ta Sawaba ba gyaran fuska bane, ƙarara suka ce akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da talakawa, kuma ba wanda zai 'yanta talaka sai shi kansa ta hanyar ƙuri'a. Ka tuna a wane zamani aka faɗi haka, Bature yana sama, sarki da hakimi da dagaci suna ƙasa, kotu tasu, 'yan doka nasu, gidan yari nasu. Mutum ya biya haraji, Bafulatani ya biya jangali, a kwashe ka aikin dole a gonar wani, in ka ɗaga kai a ce ka yi wa sarauta rashin kunya. A cikin wannan hali tela da mahauci da ɗan koli suka ɗauki katin jam'iyya mai tauraro suna cewa Sawaba.

Sun sha wuya sosai. A zaɓen 1951 sun yi nasara a matakin farko a Kano amma tsarin zaɓen hawa-hawa ne, kafin a kai matakin ƙarshe an tace su tas ba wanda ya shiga majalisa. Ga 'yan daban da ake kira 'yan mahaukata da ake sakar musu a wajen taro. Hajiya Gambo Sawaba ta yi ta shiga kurkuku tana fita saboda tana cewa mata ma su yi zaɓe, kuma matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai a 1976.

Kuskurena na biyu ya fi wannan ciwo. Na ɗauka in kana tare da talaka dole ka raina addini da dattawa, har na daina gaida mai unguwarmu, ina yi wa limamin masallacinmu kallon ɗan amshin shatan masu mulki. Mutanen unguwa suka daina saurarena kwata-kwata, kuma da gaskiyarsu. Malam Aminu fa malami ne ɗan gidan malamai, tafsiri yake yi da azumi, da aya da hadisi da maganganun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake nuna cewa zalunci haramun ne, shi ya sa manomi a ƙauye ya gane shi nan take. Ni kuma na zo da kalmomin da ko ni ban iya faɗinsu da Hausa ba. In za ku yi wa mutane magana ku yi ta da harshen da suke addu'a da ciniki da shi, kuma zagin dattijo bai taɓa jawo mutum ɗaya cikin tafiya ba, na gwada na gani.

Sannan kar ku mayar da su mala'iku, nima na faɗa wannan ramin daga baya. Lokacin da tafiyar ta dawo da sunan PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da su kakana suka sha bulala a kai kenan. Amma ba a jima ba gida ya rabe biyu, santsi da taɓo, aka tsige Balarabe a 1981, Malam ya rasu a Afrilun 1983 jam'iyya tana a rabe. Ku karanta wannan ɓangaren ma, domin irin wannan rabuwar na ga ta cinye ƙungiyarmu ta ɗalibai a kan wa zai zama sakatare.

Waɗanda suka ga NEPU da idonsu saura ƙalilan, 'yan PRP na farko ma sun tsufa. In akwai irinsu a gidanku ko a layinku, ku sayi goro ku je ku zauna, ku kunna rikoda a waya, ku tambaye shi wa ya kama shi, nawa aka ci shi tara, me suke rerawa a wajen lacca. Ni keken ɗinkin kakana yana nan a ɗakin babata, amma ko shekarar da aka yi masa bulalar nan ba wanda ya riƙe a gidanmu.